"Wa ya turo ka?": Sanayya, la'ada da fargabar ɗaga waya a kasuwar Abuja

Ranar 13 ga Yuni, 2023, aka ƙaddamar da Majalisar Tarayya ta 10. Kujerunta 469 ne, 109 a Majalisar Dattawa, 360 a ta Wakilai, kuma fiye da rabin waɗanda suka zauna a kansu a zangon da ya gabata ba su dawo ba. Kowane ɗan majalisa yana da gurbin hadimai biyar da gwamnati ke biya, waɗanda aikinsu ke ƙarewa ranar da wa'adin maigidansu ya cika. Idan aka haɗa da mataimakan ministocin da suka sauka a ƙarshen watan Mayu na waccan shekara, da ma'aikatan da ke cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki kowane wata, za a ga cewa Abuja ba ta rabo da sallamar mutane masu ilmi, masu sutura, masu waya cike da lambobin manya, waɗanda ba su san inda kuɗin hayar baɗi zai fito ba. Zaɓen 2027 zai sake kaɗa wannan guguwa.

Ba kowa ke samun sabon maigida ba, ba kowa kuma ke da jarin buɗe shago ba. Ƙofar da ta fi saurin buɗuwa ita ce ta tallar da ake biya da la'ada: kamfanonin gidaje masu yanka filaye a Lugbe da Kuje da Karshi, kamfanonin inshora da na takaful, masu sayar da kayan wutar sola, masu shirya tafiyar Umara, da kamfanonin fansho da suka shiga zawarcin ma'aikata tun ranar 16 ga Nuwamba, 2020, lokacin da hukumar PenCom ta ba kowane mai asusu damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Irin waɗannan kamfanoni na maraba da tsohon hadimi hannu bibbiyu, kuma ba sa ɓoye dalili. Wayarsa suke so.

Watannin farko ne ke koya masa abin da ba a faɗa masa ba ranar da aka ɗauke shi. Lambobin suna nan, amma masu su sun rage ɗauka. Daraktan da a da yake amsawa tun ƙara ta farko, yana "ranka ya daɗe", ashe kujerar yake amsa wa. Albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko, ga shi an ɗauke kazar. Daga nan hanya biyu ce ta rage: ko ya kira mutanen da ba su san shi ba, ko ya sami wanda zai ce wa wani, "Ga wane nan zuwa, ni na turo shi." Yawancin sababbin shiga kan ruga zuwa ta biyu don gudun ta farko, kuma a nan kuskuren yake. Wanda ba ya iya ɗaga waya ya kira baƙo, da wuya ya iya buɗe baki ya roƙi abokin ciniki ya haɗa shi da wani, domin fargabar ɗaya ce ta sauya riga.

Ciwon da ba a kai wa likita

Duk wanda ya taɓa shugabantar 'yan talla ya san alamominsa. Mutum zai iso ofis da ƙarfe takwas, ya jera sunayen da zai kira, ya sake jera su, ya gyara takardar bayanin kaya, ya ɗora hoton fili a WhatsApp, ya tashi sallar Azahar bai kira kowa ba. Da yamma ya ce yinin ya tafi a shiri. Ba lalaci ba ne, don kuwa ya gaji da gaske. Ya yi kowane aiki ne ban da guda ɗayan da ke kawo kuɗi.

Wasu masu nazarin halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, George Dudley da Shannon Goodson, sun daɗe suna bibiyar wannan hali a tsakanin masu talla, har suka fitar da littafi a kansa a 1986. Sun nuna cewa ba abu ɗaya ba ne, iri-iri ne har fiye da goma. Akwai mai ɓuya a bayan shiri, wanda kullum saura kaɗan ya gama shiryawa. Akwai mai iya magana da kowa amma harshensa ya ɗaure a gaban mai kuɗi ko mai muƙami. Akwai wanda ba ya iya tallata wa abokai ko dangi. Akwai mai sayarwa lafiya lau, amma da zarar an zo wurin neman a haɗa shi da wani sai ya ji kamar zai ɓata cinikin da aka riga aka ƙulla. Akwai kuma wanda a can ƙasan zuciyarsa kunyar sana'ar yake ji, ko da bakinsa na yaba ta.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kama tsofaffin ma'aikata da hadimai, kuma da dalili. Hadimi shi ne ƙofa. Shekara huɗu ko takwas ya yi yana cewa "maigida yana ganawa", yana karɓar takardu yana turawa cikin durowa, ya kuma san abin da ake faɗa a ofis bayan an ajiye wayar mai naci. Yau da ya koma ɗaya ɓangaren, muryarsa ta da yake ji tana amsa masa. Ga kuma wani abu da ya keɓanta da Abuja: mafi yawan baƙin kiran da ke shigowa wayar mai muƙami na neman taimako ne, kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, gurbin aiki. Tsohon hadimi ba ƙin saye yake tsoro ba. Tsoronsa a jefa shi cikin wannan layi, a ce wane ya faɗi.

Amma roƙo daban, talla daban, kuma Bahaushe bai taɓa haɗa su ba. Mutanen da suka yi fataucin goro da shanu da fata tsakanin Kano da Gwanja da Ikko ba su yi haka da nauyin baki ba. Kasuwar Hausa ma ta tanadi kalmar ƙi wadda ba ta da ƙaya: mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", a rabu lafiya ko a ƙara tayi. Babu wanda ke komawa gida yana cewa an ci mutuncinsa. Aikin ofis ne ke raba mutum da wannan sabo, domin a can ƙin amincewa da takarda yakan zo da jan biro da zargi, har mutum ya saba ɗaukar kowane "a'a" a matsayin hukunci a kan kansa.

Akwai kuma shaidar cewa mai fargaba yana ƙara wa dodon tsawo. A 2008, Francis Flynn da Vanessa Lake, wadda daga baya aka fi sani da Vanessa Bohns, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Amurka. Sun tura mutane su roƙi baƙi ƙananan alfarma, kamar cike takardar tambayoyi ko aron waya, bayan sun sa su yi hasashen mutum nawa za su tara kafin su dace. A gwajin takardar, masu roƙon sun zaci sai sun tari kimanin mutum 20 kafin biyar su yarda. Kimanin 10 suka isa. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne mai roƙo yakan manta cewa cewa "a'a" ma yana da nauyi a bakin wanda aka roƙa. Gaskiya cike takarda ba sayen fili ba ne. Sai dai kiran farko ma ba sayen fili yake nema ba. Minti goma sha biyar na ganawa yake nema, kuma wannan ƙaramar alfarma ce.

Abin da Sabon Ibadan ya sani

Kafin a yi maganar yadda ake neman a haɗa mutum da wani, ya kamata a san mene ne ake nema ɗin. Mafi kyawun bayani yana unguwar Sabo ta Ibadan, inda masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafinsa a 1969. Falke zai taso da shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi. Dillalan maigidan su ne za su nemo mahauta Yarabawa, a sayar masu da shanun bashi, babu takarda, babu sa hannu. Falken bai san mahaucin ba, ba ya ma buƙatar ya san shi. Maigida ne ya tsaya. In mahauci ya ƙi biya, shi zai biya daga aljihunsa. Jarin dillali kuwa ba shanu ba ne, sani ne: wane mahauci ke cika alkawari, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne zai iya ɗaukar sa biyu amma ba huɗu ba.

Duk wanda ya ce wa abokinsa "saurari wane" ya shiga rigar wancan maigida. Ya ba da lamuni ne, kuma da sunansa zai biya in abin ya lalace. Shi ya sa irin wannan ciniki ya fi inganci, shi ya sa kuma mutanen kirki ba sa saurin bayar da shi. Wasu masu bincike uku, Philipp Schmitt da Bernd Skiera da Christophe Van den Bulte, sun bi kimanin mutum 10,000 masu hulɗa da wani banki a Jamus na kusan shekara uku, suka wallafa sakamakon a 2011. Waɗanda wani ya turo sun fi sauran daraja ga bankin da aƙalla kashi 16 cikin 100, kuma sun fi daɗewa ba su tafi ba. Ɗaya daga cikin dalilan da suka kawo shi ne ainihin na dillalin Sabo: mai turowa ya san bankin, ya san abokinsa, don haka ba ya turo wanda abin bai dace da shi ba.

Su wa ke turowa? A nan ma zato yakan saɓa. Sabon mai talla yakan fara da 'yan uwa da aminai, ya ƙare su cikin mako shida, ya ce hanya ta toshe. Mark Granovetter ya yi wani sanannen nazari a garin Newton, kusa da Boston, wanda ya fito a 1973, a kan mutanen da suka sami aiki ta hanyar wani. Kimanin kashi 17 cikin 100 kacal ne suka ce suna yawan ganin wanda ya yi masu hanyar. Sauran jefi-jefi suke haɗuwa da shi, ko ma da ƙyar. Bayaninsa mai sauƙi ne: amininka ya san waɗanda ka sani, ya ji labarin da ka ji, amma wanda kuke gaisawa daga nesa yana zaune a wata duniya. Wani gagarumin gwaji da aka yi da mutum miliyan 20 a dandalin LinkedIn, wanda mujallar Science ta buga a 2022, ya ƙarfafa wannan magana, tare da nuna cewa sanayya mai matsakaicin nisa ce ta fi amfani, ba mafi nisa ba. Duka biyun a kan neman aiki suke, amma hanyar da labari ke bi ɗaya ce.

Ma'aikacin tarayya yana da irin wannan sanayya fiye da yadda yake zato. Akwai waɗanda suka yi hidimar ƙasa tare, da abokan kwas a ASCON ta Badagry ko cibiyar horar da ma'aikata da ke hanyar Kubwa, da waɗanda suka zauna kwamiti ɗaya lokacin kare kasafin kuɗi, da mutanen ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, da ƙungiyar ci gaban garinsu, da tsofaffin ɗalibai, da waɗanda suka shekara suna shiga motar ma'aikata ɗaya daga Nyanya. Waɗannan ba kujerar maigida suka sani ba, shi suka sani. Kiran wanda aka shekara biyar ba a gaisa ba yana da nauyi, amma nauyin kan faɗi cikin minti ɗaya, muddin mai kiran bai yi kamar kewa ce kawai ta sa shi kira ba. Gara ya gaisa, ya faɗi gaskiyar sana'ar da yake yanzu, ya bar maganar ciniki zuwa wani lokaci.

Yadda ake roƙon suna

Tambayar da aka fi yi ita ce mafi rashin amfani: "In ka san wani mai buƙata, ka turo min." Kowa zai ce to, babu wanda zai tuna. An ɗora wa mutum aikin lalubo duk wanda ya sani, shi kuwa yana da nasa aikin. Ƙwararru kan ƙuntata tambayar har ta zama hoto. Mai sayar da takaful na karatun yara zai ce, "Hajiya, a sashenku akwai wadda ta yi suna kwanan nan?" Mai fili zai ce, "Yallaɓai, cikin waɗanda kuka shiga aiki tare, wa ya rage masa shekara biyu ko uku har yanzu yana gidan haya?" Irin wannan tambaya fuska take kawowa, ba jerin sunaye ba.

Lokaci ma yana da hukunci. Ranar da aka karɓi kuɗin mutum ba ranar roƙon suna ba ce, domin a ranar shi kansa bai tabbata bai yi wauta ba. Ranar da takardar fili ta fito, ko kamfanin inshora ya biya diyyar mota, ko wutar sola ta kwana uku ba ta ɗauke ba, ita ce ranar. Kuma lamba kaɗai ba ta isa ba. Lambar da aka bayar a ɓoye, tare da "kada ka ce ni na ba ka", ba ta da bambanci da wadda aka tsinta a hanya. Abin nema shi ne mai turowar ya yi magana da bakinsa, ko da saƙon murya ne na daƙiƙa ashirin, ya kuma nemi izinin abokin nasa kafin a kira shi.

Bayan haka sai abin da kusan kowa ke mantawa, wato komawa da labari. Wanda ya ba da suna yana zaune da zullumi, bai san ko an kyautata wa abokinsa ko an dame shi ba. Saƙo ɗaya, cewa an gana, an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma an rabu da mutunci, shi ke sa ya sake bayar da na biyu. Da yawa sun rasa rijiya sukutum saboda sun sha sau ɗaya sun tafi ba waiwaye.

Ƙungiyar BNI, wadda Ivan Misner ya kafa a Kalifoniya a 1985, ta mayar da wannan al'amari tsari: kowane reshe yana ɗaukar mutum ɗaya tak daga kowace sana'a, ana haɗuwa kowane mako, ana kuma ƙirga wanda ya kawo wa wani ciniki. Wanda ya san adashi ya fahimci abin nan take. Zubi ne, sai dai da suna ake yin sa maimakon kuɗi, kuma wanda ba ya zubi ba ya kwasa. Tsohon hadimi yana da abin zubawa da yawa. Ya san ofishin da takarda ke kwana, ya san lauyan da ke aiki da gaskiya, ya san yadda ake rubuta wasiƙar da za a karanta. Baje kolin da Cibiyar Ciniki da Masana'antu ta Abuja ke shiryawa kowace shekara a hanyar filin jirgi ma wurin zubi ne ga wanda ya je don ya saurara, ba don ya raba kati ɗari ya dawo ba. Akwai kuma wuraren da ake ganin mutane amma ba a buɗe jaka: zaman makoki, sahun salla, harabar coci. A can gaisuwa ake yi. Wanda ya fito da taswirar fili a gidan rasuwa ya sayar da abin da ba zai iya saye ba.

Lissafin waya

Ko da an yi duk wannan daidai, sanayya rijiya ce mai ƙafewa. Da'irorin Abuja suna shiga juna, kuma daraktoci goman da kowa ke hari su ne dai goman. Sabuwar sarƙa ba ta farawa sai da zoben farko, wanda sau da yawa baƙo ne. Da rashin tayi akan bar arha.

Mai kiran baƙo a Najeriya yana da wani cikas da littattafan Amurka ba su san shi ba: 'yan damfara sun riga shi zuwa. Kowa ya taɓa samun kiran "daga banki" ana neman lambar BVN, kuma mutane da yawa ba sa ɗaukar lambar da Truecaller bai nuna masu suna ba. Saboda haka gajeren saƙo kafin kira ya zama wajibi: suna, kamfani, inda aka sami lambar, da abin da ake so. In an ɗauka, doguwar gaisuwa, wadda ado ce tsakanin sanannu, takan zama illa daga bakin baƙo. Ina gajiya, ina iyali, ya aiki, ya ƙoƙari, daga muryar da ba a sani ba, duk ma'aikacin Abuja ya san abin da ke biyo baya, kuma ya fara shirya uzuri. Sallama ɗaya, gaisuwa ɗaya, sai mutum ya faɗi ko shi wane ne da abin da ke tafe da shi, ya tambaya ko akwai minti biyu. Sanin lokaci kuwa gadon tsohon hadimi ne: majalisa na zama Talata zuwa Alhamis, Juma'a da rana ba ta kowa ba ce, kuma maganar kuɗi ta fi shiga kunne a makon da albashi ya faɗo.

Maganin fargabar kanta ba ya wuce abin da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ke yi wa kowane irin tsoro: a tunkari abin da kaɗan-kaɗan, a kai a kai, har jiki ya gaji da firgita. A fara da kiran da ba shi da nauyi, a ware sa'a ɗaya da safe kafin zuciya ta ƙirƙiro wani aiki, a kuma ƙirga kira maimakon ciniki, domin kira yana hannun mai kira, ciniki kuwa yana hannun wani. Frank Bettger, wani mai tallar inshora a Filadelfiya wanda littafinsa na ƙarshen shekarun 1940 har yau ake karantawa, da wannan ya ceci sana'arsa: ya riƙa rubuta kowace ziyara, ya raba la'adar shekara da yawan ziyarar, ya ga nawa kowace ɗaya ke kawowa ko an saya ko ba a saya ba. A matsayin misali kawai, in kira 40 ne ke haifar da ciniki ɗaya mai la'adar Naira 200,000, to kowane kira Naira 5,000 ne, har da wanda aka kashe wayar tun kafin a gama sallama.

Littafin lissafin nasa ya nuna masa wani abu da ya fi wannan amfani a nan. Kashi 70 cikin 100 na cinikinsa a ganawar farko aka ƙulla, kashi 23 a ta biyu, kashi 7 kacal a ta uku da bayanta, amma rabin lokacinsa a bin waɗannan bakwai ɗin yake tafiya. A garin da ba a cika cewa "a'a" ba, wannan babban gargaɗi ne. "Za mu yi magana", "bari wata ya ƙare", "turo min a WhatsApp", "zan neme ka": da yawansu ƙi ne da aka naɗe da ladabi. Mai fargaba yana son su, domin komawa wurin wanda ya yi masa murmushi ya fi kiran sabon mutum sauƙi, sai ya shekara yana zarya tsakanin Sakatariyar Tarayya da Maitama yana ƙona fetur a kan alkawarin da ba a yi ba. Mai wayo kan sauƙaƙa wa mutum faɗin gaskiya: "Ranka ya daɗe, in bana ba lokacinsa ba ne, faɗa min, ba komai." Wanda aka ba wannan dama yakan ji daɗi, kuma a daidai wannan lokaci ne ya fi sauƙin ya ambaci wani da abin zai yi wa amfani.

Inda doka ta ja layi

Ga wanda har yanzu yake bakin aiki, akwai maganar da ba a so a ji. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Kowa ya san leshi da turare da filaye na zagaya ofisoshi, amma yawan masu yi bai goge sakin layin ba, kuma Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na nan. Jadawalin ya kuma ce duk kyauta ko amfanin da ma'aikaci ya karɓa daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati, za a ɗauka ya saɓa doka sai in ya tabbatar da akasin haka. La'adar turo mai saye na iya faɗawa nan cikin sauƙi. Ko da doka ta yi shiru, babban da ke tallata wa ƙaramin da yake cike wa takardar auna ƙwazo ba ciniki yake yi ba, domin ƙaramin ba shi da bakin cewa albarka.

Jerin sunayen ma'aikata da lambobinsu, wanda wasu ke fita da shi a matsayin guzurin ritaya, shi ma ba nasu ba ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana amfani da bayanan mutum a kan abin da ba don shi aka karɓa ba, ta kuma ba kowa ikon cewa a daina tuntuɓarsa da talla. Tun 2016 hukumar NCC ta samar da lambar 2442 don masu son toshe saƙonnin talla. Wanda ya ce kada a sake kiransa, an gama.

Mafi nauyi duka shi ne abin da ake turo mutane su saya. MMM, wanda ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, bai yaɗu da kiran baƙi ba. Ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya kuma ware kashi 10 ga duk wanda ya kawo wani, sai abokin aiki ya kawo abokin aiki, ƙane ya kawo wa. Hukumar NDIC ta ƙiyasta cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan uku sun yi asarar Naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX ya maimaita labarin ta hanya ɗaya. Waɗanda suka yi turon ba duka macuta ba ne; da yawa sun saka nasu kuɗin. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma su ne aka riƙa bi har gida.

A Abuja, tarkon da ya fi kusa da tsohon hadimi shi ne fili. Ƙasar Babban Birnin Tarayya duka ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Abuja ne ke da ikon rabawa, kuma hukumomin birnin sun sha nanata cewa takardar hakimi ko ta wani jami'in ƙaramar hukuma ba ta mallaka wa kowa fili. Rusau ya cinye gidaje da dama da aka gina a kan irin waɗannan takardu, kuma katafila ba ta tambayar wa ya turo wa. Kafin mai talla ya nemi suna ɗaya daga kowa, akwai takardun da ya kamata su kasance a jakarsa: sakamakon binciken filin daga AGIS, shaidar rajistar kamfanin daga CAC, lasisin NAICOM in inshora ce, rajistar SEC in zuba jari ne. Mai turowa yana da haƙƙin ya gan su da idonsa, ya kuma san nawa ne la'adar da wa zai karɓa, kafin ya ɗaga waya ya kira abokinsa.